Batirin injin hudana ya mutu: in sake batir ko in sake inji?

Mai Gyare-gyare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da injin huda mara waya mai volt 14.4, ya kai shekara goma sha biyu a hannuna. Da batir biyu ya zo. Ɗaya ya mutu tun bara, ɗayan kuma yanzu ko ya kwana a caji, sukuru biyar ko shida zai ɗaura ya kwanta. Shi injin lafiyarsa ƙalau, ko tari ba ya yi. A jikin batirin an rubuta Ni-Cd, wato batirin nikel da kadmiyam. Na nemi irinsa, da ƙyar na samu, kuɗinsa kuma ya kusa kamo na sabon ƙaramin inji da batirinsa da cajarsa. Ni ba sana'a nake da shi ba. Rataye labule ne, gyaran ƙofa, haɗa kanta, wani lokaci huda bulo. Me kuke gani?

Tsohon Kafinta: Wa alaikumus salam. Kada ka yar da injin nan. Da tsohuwar zuma ake magani. Kwance sukurorin da ke bayan batirin, za ka tarar da 'ya'ya goma sha biyu a jere, kowanne volt 1.2. Sau da yawa biyu ko uku ne suka mutu suka ja wa sauran. A zuba sababbi a cikin kwanson, a mayar da murfi, cajarka ta da za ta ci gaba da aiki. Na yi haka ya fi sau uku.

Mai Wayarin: Baba, a yi mini afuwa, amma a nan ba na tare da ku. Ku da kuke aiki da inji kullum, Ni-Cd yana muku daɗi, don ba ya samun zama. Shi kuwa wannan bawan Allah sai ya yi wata biyu bai taɓa nasa ba. Ni-Cd a ajiye yake zubar da cajinsa, ranar da ka ɗauko shi don rataye labule ɗaya sai ka tarar babu komai a ciki, ka zauna jiran caja. Batirin litiyam kuwa ka ajiye shi wata uku ka dawo, zai tashi. Wannan kaɗai ya isa dalili ga mai aikin gida.

Sannan ku duba inda duniyar ta dosa. Tarayyar Turai ta rufe ƙofar sayar da batirin kadmiyam na irin waɗannan injuna tun ƙarshen 2016, saboda kadmiyam guba ne. Manyan kamfanoni duk sun koma litiyam. Wanda ka samu a kan kanta yau, ka tambayi kanka shekara nawa ya yi yana zaune kafin ya iso hannunka.

Tsohon Kafinta: To ai ban ce ya sayi wanda ya tsufa a kanta ba. Cewa na yi a canza 'ya'yan.

Mai Wayarin: Idan za a canza, to duka sha biyun za a canza. In aka haɗa sababbi uku da tsofaffi tara, tsofaffin ne za su riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, kullum kana wajen mai gyara.

Tsohon Kafinta: Wannan kam gaskiyarka ce.

Makaniki: Ni ga tawa dabarar. Nawa tsohon mai volt 12 ne, da batirinsa ya mutu sai na kwashe 'ya'yan, na bar kwanson, na zaro waya mai kauri daga ciki na sa mata maƙalai biyu. A batirin mota nake maƙala shi. Shekara huɗu ke nan bai ce mini ya gaji ba. Naka mai 14.4 ma zai yi, sai dai gudunsa zai ɗan ragu. Ka sa fis a kan jar wayar, kuma kada ka juya ja da baƙa, kunamar za ta iya ƙonewa nan take.

Mai Gyare-gyare: Oga Makaniki, ai in na bi taka, duk ranar da zan rataye labule sai na ɗauko batirin mota na shigo da shi falo.

Makaniki: Hhhh. Ai ban ce ya zama shi ne babban injinka ba. Cewa nake kada ya tafi bola.

Injiniya: Bari in sa baki, amma ku yi haƙuri zan ɗan ja magana.

Malam Mai Gyare-gyare, abin da ya same ka shi ne abin da zai sake samunka nan da shekara biyar ko takwas, ko wane inji ka saya. Injin huda yana daɗewa, batir ba ya daɗewa. Litiyam ma yana tsufa, ko ana aiki da shi ko yana ajiye. Saboda haka kafin ka dubi launin inji ko ƙarfinsa, ka fara tambayar batirin: ranar da wannan ya mutu, zan sami ɗan'uwansa? Kowane kamfani yana da nasa bakin batir, na wannan ba ya shiga injin wancan. Ranar da ka sayi injin farko, ka shiga gidan ke nan. In gobe ka so zarto ko injin gurza ƙarfe ko fitila, nasu za ka nema, don ka riƙa sayen inji tsurarsa babu batir.

Ga misali. Makita sun fito da layinsu na LXT mai volt 18 a 2005, har yau ana yin batirinsa. Milwaukee suna kan M18 tun 2008. Ryobi kuwa tun 1996 ba su canza bakin batirinsu na ONE+ ba, har batirin litiyam na yau yana shiga tsofaffin injunansu na zamanin Ni-Cd. DeWalt sun canza baki a 2011, daga mai sanda da ake cusawa zuwa mai zamewa, daga baya suka yi adafta don masu tsofaffin injunansu na volt 18.

A kula kuma, suna ɗaya ba ya nufin baki ɗaya. Bosch suna da shuɗi na masu sana'a da kore na aikin gida, batirin volt 18 na wannan ba ya shiga wancan. Makita ma suna da wani layi mai suna G wanda ba ya haɗuwa da LXT. Mutane da yawa sun sayi batir don sun ga sunan kamfani da lambar 18, suka je gida ya ƙi shiga.

Ɗan Koyo: Yallaɓai Injiniya, ni a ganina in mutum zai saya gara ya wuce 18 ya ɗauki mai volt 20. Ya fi ƙarfi. Ni ma na ga wani an rubuta masa 48V, da batir biyu da akwati cike da bakuna, kuma ya fi duk waɗanda kuka lissafa sauƙi.

Injiniya: Ƙanena, 18 da 20 abu ɗaya ne. Ƙwayar litiyam ɗaya volt 3.6 take bayarwa a tsakiyar aiki, in ta cika fal takan kai 4 zuwa 4.2. Guda biyar ake jerawa. Biyar sau 3.6 ya ba ka 18, biyar sau 4 ya ba ka 20. Wani kamfani ya rubuta ta tsakiyar aiki, wani ya rubuta ta lokacin da aka sauke daga caja. Shi ya sa injin DeWalt da ake kira 20V Max a Amurka, a Turai 18V ake rubuta masa. Haka ma 12V da 10.8V: ƙwaya uku ce duka.

Shi kuwa mai 48V ɗin, yi lissafi da kanka. Don a sami volt 48 sai an jera ƙwaya goma sha uku. Kowace ƙwaya irin 18650 faɗinta milimita 18, tsawonta 65, nauyinta wajen giram 45. Ka dubi ɗan batirin da ke gindin injin, ka ce mini ta ina sha uku za su shiga.

Mai Wayarin: An taɓa kawo mini irinsa gyara, 88V aka rubuta da manyan baƙaƙe. Na buɗe, ƙwaya biyar na gani. Su ma da na auna, ko rabin abin da aka rubuta a jikinsu ba su riƙe ba.

Ɗan Koyo: To amma yana huda ai. Abokina da shi yake aiki.

Mai Wayarin: Yana huda, ban musa ba. Matsalar ita ce wadda ta kawo mu nan. Ranar da batirinsa ya mutu, ina za a sami wani? Wasu daga cikinsu dai sun kwaikwayi bakin wani babban kamfani, to waɗannan da sauƙi. Sauran kuwa kowanne da nasa, shekara mai zuwa ko sunan ba za ka ƙara ji ba.

Maman Biyu: Sallama gare ku. Ni ɗinkin labule nake yi, kuma ni nake zuwa in rataye da kaina, don haka inji yana hannuna kusan kullum. Duk kuna ta maganar volt 18, amma Malam ya faɗa muku aikinsa. Mai volt 12 zai ishe shi. Wanda bai taɓa tsayawa a kan tsani hannunsa a sama yana ɗaura sukuru ashirin ba, ba zai gane darajar inji mara nauyi ba. Na fara da babba mai batir 5Ah don an ce mini ya fi daɗewa. Daɗewa kam yana yi, amma kafaɗata ce ke mutuwa kafin shi. Yanzu ƙarami nake riƙewa, batir biyu masu 2Ah, ɗaya a inji ɗaya a caja. Yana shiga cikin kabad da lungun taga inda babban ba ya shiga.

Shawarata Malam, kafin ka biya ka riƙe shi a hannu da batirinsa a jiki, ka ɗaga shi sama da kanka minti ɗaya.

Mai Gyare-gyare: Hajiya na gode, wannan ban yi tunaninta ba. To bulo fa? Ƙaramin yana iyawa?

Maman Biyu: Bulo da filasta yana yi, in ka ɗauki mai alamar guduma kuma bakinka na bango mai kyau ne. Rami milimita 6 ko 8 ba matsala. Amma saman taga inda aka zuba kankare, nan yake tsayawa yana kuka. Wannan sai in ɗauko mai waya.

Tsohon Kafinta: Kankare ko mai 18 ɗin ma wahala yake sha. Gudumar da ke cikin waɗannan injuna faifai biyu ne masu haƙora suna gogar juna, ƙara ce mai yawa, duka kaɗan. Na kankare daban ne, SDS ake ce masa, shi yana da fistin a ciki da ke dukan bakin da gaske. Ramin da za ka yi minti biyar kana zufa, shi kafin ka gyara tsayuwa ya gama. Wanda ke huda kankare sau biyu a shekara ya ara kawai.

Ɗan Koyo: Don Allah mene ne Ah ɗin nan? Ni na ɗauka shi ne ƙarfi.

Injiniya: Girman tanki ne. Volt sau Ah shi ke ba ka yawan wutar da batir ya ɗauka. Mai 18 da 2Ah ya ɗauki 36Wh, mai 18 da 5Ah ya ɗauki 90Wh. Na farko layi ɗaya ne na ƙwaya biyar, na biyu layi biyu ne, ƙwaya goma, shi ya sa nauyinsa ya kai wajen giram 600. Gaskiya ne mai layi biyu yana ɗan ƙara wa inji kuzari a aiki mai nauyi, don ƙwayoyin suna raba kaya tsakaninsu. Amma ga sukuru da katako ba za ka ji bambanci ba.

Nan ma akwai hanyar kama jabu. Ƙwayar 18650 ta gaskiya ba ta wuce wajen 3500mAh, wato 3.5Ah, waɗanda ake sa wa injuna kuma galibi 2000 zuwa 3000 ne. In ka ga siririn batir mai layi ɗaya an rubuta masa 6Ah, ɗora shi a sikeli.

Mai Gyare-gyare: Wata tambaya. Na ga ana sayar da adafta da ke sa batirin litiyam na wani kamfani ya hau tsohon inji. In na sayi sabo mai 18, ba sai in riƙa sa batirinsa a tsohon nawa ba?

Mai Wayarin: Abu biyu. Na farko naka 14.4 ne, batirin 18 in ya cika yana haura 20. Injin zai yi gudu kamar an kore shi, yana tartsatsi, har ranar da zai yi warin ƙuna. Na biyu ya fi muhimmanci. Ƙwayar litiyam ba ta son a tsotse ta ƙasa da wajen volt 2.5. A kamfanoni da dama, abin da ke yanke wuta kafin a kai nan yana cikin injin ne, ba cikin batir ba. Tsohon injinka bai san wannan magana ba, zai yi ta ja har batirin ya faɗi ƙasa warwas, ka kai wa caja ta ƙi karɓa. Ka kashe sabon batir don ka ceci tsohon inji. In dole sai an yi, a riƙa cirewa da zarar inji ya fara sanyi, kuma kada a bar batir ya kwana a kan adafta.

Makaniki: To a zuba litiyam a cikin tsohon kwanson mana. Huɗu sau 3.6 ai 14.4 ne cif.

Mai Wayarin: Lissafinka daidai ne Oga, ana yi. Amma sai da ɗan allon kariya da ake kira BMS, da sabuwar caja mai volt 16.8. Tsohuwar cajar Ni-Cd kada ta kusance shi, ba ta san inda za ta tsaya ba, gobara ce. Kuma ba ƙwayoyin tsohuwar kwamfutar cinya ba, waɗannan an yi su ne su ba da wuta kaɗan-kaɗan, injin huda kuwa in baki ya cije yana iya jan amfiya 20 ko fiye. Haɗin ma da ɗigon walda ake yi a kan siririn ƙarfen nikel, ba a ɗora musu dalma mai zafi kai tsaye. Wanda aikinsa ne, bismillah. Wanda ba aikinsa ba ne, wannan abu a cikin ɗaki yake kwana da iyalinsa.

Ɗan Koyo: Ni dai ko me zai saya ya tabbatar mara buroshi ne, wato wanda babu 'yan kabon ɗin nan da ke gogar motarsa a ciki. Masu kabon zamaninsu ya wuce.

Tsohon Kafinta: Yaro, injin da wannan mutumin ya riƙe shekara goma sha biyu bai yi tari ba, mai kabon ne. Black & Decker sun fito da injin huda mara waya tun 1961, da kabon aka yi ta aiki shekaru aru-aru na sana'ar nan, ba a ce an kasa gina gida ba. Kabon in ya cinye ana canzawa. Mara kabon in allonsa ya ƙone, an dasƙare shi da danƙo, sai dai a canza gaba ɗaya.

Injiniya: Baba, aru-aru dai ta yi yawa, hhh. Amma ku biyun kowa da gaskiyarsa. Mara buroshi ba ya zafi sosai, ya fi gajarta, kuma caji ɗaya yana kai shi nesa. Ga mai yini yana aiki, ya cancanci ƙarin kuɗin. Ga mai aikin gida, kabon ɗin ba zai cinye ba kafin batir biyu su mutu. In kuɗin ba zai kai duka ba, ni zan ɗauki mai kabon da batir biyu a kan mara kabon da batir ɗaya.

Abin da zan duba a jikin injin kaɗan ne. Giya biyu: ta ɗaya don sukuru da manyan ramuka, ta biyu don ƙananan ramuka. Zoben nan mai lambobi da ke sakin inji in sukuru ya zauna, don kada ya nutse ko kansa ya lalace. Sai bakin da ke riƙe abin huda, ko mai milimita 10 ko mai 13. Ƙananan injuna galibi 10 ne. A sa dogon baki a juya a hankali, in bakin yana rawa a ajiye a ɗauki wani. Lambar Nm kuma, wato ma'aunin ƙarfin murɗawar inji, kada ta ruɗe ku. Wajen 30 ya ishi aikin gida, 50 zuwa 60 ya ishi yawancin kafintoci. Masu sama da 100 in baki ya cije a ƙarfe, wuyan hannunka ne zai juya.

Maman Biyu: Ku ƙara masa da yadda zai riƙe sabon, tunda shi mai ajiyewa ne. Ni na kashe batir ɗaya da hannuna, na bar shi a bayan mota cikin rana kwana da kwanaki. Daga nan bai ƙara riƙe caji kamar da ba.

Mai Wayarin: Zafi ne babban maƙiyinsa. In ya yi zafi daga aiki a bar shi ya huce kafin a ɗora a caja. In za a daɗe ba a taɓa shi ba, a ajiye shi da caji rabi, fitila biyu cikin huɗu, a cire daga jikin inji, a riƙa leƙa shi bayan 'yan watanni. Tsohuwar al'adar nan ta a ƙarar da batir ƙaf kafin a caja, ta Ni-Cd ce, litiyam ba ya so. Wanda ya kumbura ko ya fashe ko ya sha ruwa, an gama da shi. Matattun kuma, tsoho da sabo, a liƙe bakinsu da salatif a kai inda ake karɓar tsofaffin batura. Kada a jefa a shara, balle a wuta.

Mai Gyare-gyare: Na dawo. Na ari mitar auna wuta na gwada tsohon batirin. Da na sauke shi daga caja 13.8 ya nuna, Mai Wayarin ya ce mini ta saƙo mai lafiya ya kamata ya haura 16. Na buɗe, ƙwaya biyu sifili suke nunawa, wasu uku kuma farin gari ya fito a bakinsu. Na sa safar hannu na mayar na rufe.

Jiya na je na riƙe injuna guda biyu yadda Hajiya ta ce. Mai 12 ya fi daɗin hannu nesa ba kusa ba. Amma mai 18 na ɗauka, ƙaramin cikinsu, mai kabon, da alamar guduma, da batir biyu masu 2Ah, don na daɗe ina son ƙaramin zarto kuma na ga batirin ɗaya ne. Tsohon kuma ban yar ba. Oga Makaniki, wayar nan da ka ce mai kauri, wace iri ce?

Makaniki: Kada ta gaza 2.5mm, in da hali 4mm, kuma kada tsawonta ya wuce mita biyu ko uku. Fis na amfiya 30. Ka duba cikin kwanson kafin ka yanke, akwai alamar + a gefe ɗaya.

Maman Biyu: Allah ya sa alheri Malam. Ranar da ka rataye labulen gida guda da shi ka dawo ka ba mu labarin kafaɗarka.

Ɗan Koyo: Yallaɓai Injiniya, na je na ɗora batirin abokina a sikeli. Giram 240 ne duk da kwansonsa. Ƙwaya nawa ke nan?

Injiniya: Kawo sukudireba mu buɗe.